Daga Randa Zuwa Firiji: Abin Shan Bazara Da Tsarin Gidajenmu

 A wannan fitowa darasinmu zai tsaya ne a kan abin da kowace uwargida ke tunani da zarar sanyin hunturu ya kau, wato abin shan bazara. Hausawa na cewa a ba baƙo ruwa a sha labari. To amma shi ma baƙon yana shan labarin gidan tun daga abin da aka miƙo masa. In fura ce a ƙwarya da ludayi, ko zoɓo a jug, ko lemun kwalba a kan faranti, ya riga ya san irin ginin gidan, da inda ake ajiye ruwa, da abin da matar gidan ta ɗauka da muhimmanci.

Za mu ɗauki misali daga Gusau da Tsafe da Bunguɗu a Jihar Zamfara, mu duba tsarin gida iri uku da abin shan da ke tafiya da kowanne, da amfaninsa da kuma inda haɗarinsa yake. Manufar darasin ita ce kowace 'yar'uwa ta auna nata gidan, ta gyara abin da ke buƙatar gyara kafin zafi ya kankama.

Ƙasar da irin zafinta

Gusau ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato. In kika taso daga Funtuwa, Tsafe za ki fara tararwa, sai Kwatarkwashi da ke cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, sannan Gusau. In kika miƙe hanyar Sakkwato kuma sai ki isa garin Bunguɗu. Gulbin Sakkwato ya ratsa ta Gusau da Bunguɗu, ɓangaren Tsafe da Kwatarkwashi kuwa ƙasar duwatsu ce. Duk wadda ta taɓa bin hanyar ta san dutsen Kwatarkwashi, wanda ake hangowa tun daga nesa.

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a wannan yanki yakan kai maki 40 a ma'aunin zafi. Garin da ke gindin dutse kuma yana da ƙarin nasa, domin dutse yana shan rana tun safe, in dare ya yi sai ya riƙa sakin zafin da ya tara. Shi ya sa za ki ji ana cewa daren ma babu sauƙi. A daidai wannan lokaci ne rijiyoyi ke ja da baya, gulbi ya janye, gidaje da yawa su koma sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa. Ke nan lokacin da jiki ya fi buƙatar ruwa shi ne lokacin da ruwa mai kyau ya fi wuyar samu. Waɗanda suka yi azumin 2023 da na 2024, da suka faɗo cikin Maris da Afrilu, ba sai an ba su labari ba.

Jiki idan ya yi zufa ruwa yake zubarwa tare da ɗan gishiri. Saboda haka abin sha mai ɗauke da gero, ko nono, ko tsamiya, yana mayar wa mutum ƙarfinsa fiye da ruwan zaƙi zalla. Iyayenmu sun gane haka tun kafin a zo da bayanin asibiti.

Gida na farko: gidan randa

Wannan shi ne gidan da za ki fi samu a tsofaffin unguwanni da ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, da cikin tsohon garin Gusau wajen Kanwuri. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, da zaure, da tsakar gida mai faɗi, da rumfar kara ko inuwar dogon yaro. Bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta shigar zafi, don haka da tsakar rana ɗaki yakan fi waje sanyi. A ƙarƙashin rumfa kuma an girke randa, sau da yawa a kan jiƙaƙƙen yashi, an rufe ta da faifai, ga moɗa a kai.

Ko kin taɓa tambayar kanki me ke sanyaya ruwan randa? Jikin yumɓun da aka gasa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, busarwar nan kuma tana tafiya da zafin ruwan da ke ciki, kamar dai yadda zufa ke sanyaya jikin mutum. Shi ya sa randa ta fi aiki a busasshen zafi, a inuwa, inda iska ke kaɗawa. In aka shafe bayanta da fenti don ado, ko aka kulle ta a lungun da iska ba ta shiga, an kashe mata aiki.

Abin shan wannan gida yawancinsa daga rumbu yake fitowa. Sarauniyarsu ita ce fura, ko hura kamar yadda Zamfarawa ke faɗi: gero da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a dama da nono. Akwai farau-farau, ruwan da aka dama ɗan gari ko 'yar fura a ciki, wanda ake tarbar wanda ya dawo daga gona da shi. Akwai kunun tsamiya da kunun kanwa, da jiƙon tsamiya, da garin 'ya'yan kuka da ake kaɗawa da nono ko da ruwa. In kika yi sallama a irin wannan gida, kafin gaisuwa ta yi nisa za ki ji tsohuwa na cewa jikarta, "Ke ɗiyar nan, maza kawo ma baƙuwa hura, ki ɗauraye ludayin."

Kada a ɗauka wannan abincin talauci ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, saboda jure farinsa da amfaninsa ga jiki. Garin 'ya'yan kuka kuwa yana da sinadarin bitamin C mai yawa, har Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta a shekarar 2008. Abin da yaranmu ke tsotsa a gindin kuka, a can a kantin kayan gina jiki ake sayensa.

To ina haɗarin yake? Na farko, moɗa. Randa mai faɗin baki ce, kowa ya zo ya zura hannu, yaro ya dawo daga wasa ya sha ya mayar da sauran, moɗa ta faɗi ƙasa a ɗauka a sake tsomawa. Ruwan ya yi sanyi, amma ya zama mahaɗar duk abin da ke hannun mutanen gida. Na biyu, nono. Satar shanu da rashin tsaro na shekarun nan sun tarwatsa rugage da yawa a Zamfara, nonon shanu ya yi tsada, wasu masu sayarwa sun koma haɗa shi da madarar gari. Wannan ba laifi ba ne in an faɗi gaskiya ga mai saye, amma tambayar ita ce, da wane ruwa aka dama madarar? Shi ma nonon shanun, in ba a dafa madarar ba kafin a kwantar da ita, yana iya ɗauko tarin fuka na shanu, ko bakkale, cutar nan da ke sa shanu ɓari, wadda ke kama mutum da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa.

Gida na biyu: gidan sana'a

Jirgin ƙasa ya iso Gusau a kan layin da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Cinikin gyaɗa da auduga ya jawo baƙi daga ko'ina, gari ya buɗe, ginin bulo da rufin kwano suka yi ta yaɗuwa. Yau in kika shiga Tudun Wada ko Sabon Gari za ki tarar da gidajen haya, ɗaki da falo ko ɗaki ɗaya, tsakar gida ƙarama an shafe ta da siminti, iyalai da yawa a gida guda. Rufin kwano yana ɗaukar zafi nan da nan, babu bishiya, babu wurin girke randa inda 'ya'yan maƙwabta ba za su fasa ta ba. Ruwa a jarka yake ko a durom na roba, kuma roba ba ta tsattsafo, saboda haka ruwan da ɗuminsa ake sha. A nan ne ƙanƙara ta zama dole.

Abin shan wannan gida shi ne wanda ke son ƙanƙara: zoɓo, wanda wasu ke kira soɓorodo, da kunun zaƙi, da kunun aya, da lamurje, da jinja. Kuma yawanci ba don shan gida kaɗai ake yi ba. Matar gida tana ɗurawa a gora ko a leda, ta jera a kula, yara su kai bakin makaranta ko tasha. Mata da yawa da wannan sana'a suke biyan kuɗin Islamiyya, suna zubin adashi, suna tara kayan ɗakin 'ya'yansu. Cikinsu har da waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu suka dawo birni, ba su da gona sai tukunya. Sana'a ce mai mutunci, Allah ya sa albarka.

Zoɓo ma ba namu kaɗai ba ne. A Masar da Sudan karkade suke ce masa, a Senigal bisab, ƙasar Meziko kuwa tana cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon Nijeriya. A shekarar 2010 masu bincike na Jami'ar Tufts da ke Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 65 masu ɗan hawan jini. Waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki 7. Amma a lura, zoɓon gwajin ba irin namu ba ne da ake zuba wa sukari da gwangwani. Kuma mai shan maganin hawan jini kada ta ajiye maganinta ta ce zoɓo ya isa. Mai juna biyu kuwa ta yi hankali da yawan shansa, ta nemi shawara a wajen awo. Ita ma aya, wadda ake nomawa sosai a yankin Maraɗi, mutanen Balensiya a ƙasar Sifen suna yin irin kununmu da ita, har suna sayo ta daga Nijar.

Haɗarin wannan gida ya fi na farko girma, domin abin da aka yi a tukunya ɗaya yana shiga cikin mutum hamsin ko ɗari. Ga wuraren da ake samun matsala. Zoɓo ana tafasa shi, amma sai a ƙara masa ɗanyen ruwa don ya yi auki, tafasar ta tashi a banza. Kunun aya ba a dafa shi sam, ga zaƙi ga maiƙo, cikin 'yan awoyi a zafin bazara ya fara tsami. Gorunan da ake ɗurawa tsintattu ne, ba a san bakin da ya sha ba, ba a san abin da aka taɓa zubawa ciki ba. Leda kuma wasu da baki suke hura ta kafin su ɗura. Sai ƙanƙara, wadda mutane da yawa suka ɗauka sanyinta na kashe ƙwayar cuta. Ba ya kashewa, 'yar'uwa. Ƙwayar taifot da ta kwalara suna iya rayuwa a cikin ƙanƙara, ta narke su farfaɗo.

Gida na uku: gidan falo da firiji

Wannan shi ne gidan da ake yayi a sababbin unguwannin Gusau, kuma ya fara yaɗuwa a Tsafe da Bunguɗu: katanga da get, tsakar gida an shimfiɗe ta da siminti ko intalok, kicin a cikin gida, falo da kujeru da labule mai nauyi, tayil a ƙasa, ga shokes cike da kofunan gilashi. An sare bishiyar da aka tarar a filin don mota ta samu wurin tsayawa. A irin wannan gida baƙo lemun kwalba ko na kwali ake kawo masa da ruwan roba, domin a ganin uwargida kawo kunu ko fura kamar raini ne.

Gidan yana da abin yabo. Ruwan a rufe yake, kofuna a wanke, ƙuda ba ya samun shiga. Amma yana da rauni biyu. Na farko, duk sanyinsa a hannun wutar lantarki yake. In aka ɗauke wuta kwana biyu, firiji ya zama kabad, abin da ke ciki ya narke ya sake daskarewa, uwargida ba ta san sau nawa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta don a sanyaya lemu ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Masu hali sun koma sola, amma ba kowa ke da halin ba.

Rauni na biyu shi ne sukari. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi 12, in ma da hali a tsaya a cokali 6. Gwangwanin lemu guda yana iya ɗaukar kusan cokali 10. Ke nan yaron da ya sha lemu biyu a yinin biki ya wuce ƙa'idar babba. Wannan sukari shi ke haifar da ruɓewar haƙori da ƙiba, kuma yana share wa ciwon sukari hanya. Ko gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemun zaƙi a shekarar 2022, kuma rage shansa na cikin dalilan da aka bayar. Ga shi lemun ba ya kashe ƙishirwa, ana gama sha ake neman ruwa.

Akwai kuma asarar da ba a gani da ido. Yarinyar da ta tashi a gidan da ba a surfe, ba a jiƙa tsamiya, ba a tace gasara, za a kai ta ɗakin miji ba ta iya dama kunun da za ta ba mai jego ko marar lafiya ba. Ranar da surukarta ta zo daga Bunguɗu ta ce, "Ɗiyata, ni ba ni shan wannan na kwalba, a dama mini hura," sai ido ya raina fata.

Abu huɗu da ke raba gyara da ɓarna

In kika duba gidajen nan uku za ki ga babu wanda ya tsira, kuma babu wanda ba shi da abin koyi. Abin da ke sa abin sha ya zama lafiya ko cuta abu huɗu ne, kuma duka suna hannun uwargida ko da wane irin gini take zaune.

Na ɗaya, ruwa. A shekarar 2021 Nijeriya ta ga annobar kwalara mafi muni cikin shekaru masu yawa. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,500 suka rasu, kuma Zamfara na cikin jihohi huɗu da abin ya fi shafa, tare da Bauchi da Jigawa da Kano. Kwalara ta ruwa da abinci take shiga. Duk ruwan da ba ki amince da tushensa ba, ki tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko ki sa masa maganin tsaftace ruwa na kulorin bisa ƙa'idar da aka rubuta a jikinsa, ki jira rabin awa. Alum yana kwantar da laka ne kawai, hasken ruwa ba shaidar tsaftarsa ba ce. Da wannan dafaffen ruwa za ki dama fura, ki tace aya, ki ƙara wa zoɓo, ki yi ƙanƙara. Ƙanƙarar saye kuwa a jera gorunan a kanta, kada a jefa ta cikin abin sha.

Na biyu, mazubi. Zoɓo da tsamiya masu tsami ne, suna cin ƙarfe. Kada a kwanar da su a tukunyar dalma ko a langar da fentinta ya ɓantare. Tukunyar ƙasa, ko gilashi, ko kwanon silba marar tsatsa sun fi. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ta haramta ga ruwan sha har abada, ko an wanke ta sau goma. Mutanen Zamfara sun san zafin wannan darasi: a shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a yankin Anka da Bukkuyum, saboda ana daka da niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta shiga abinci da ƙasar da yara ke wasa. Turmi da injin da ake niƙa gero da aya kada su haɗu da wani aiki daban.

Na uku, murfi da hannu. Addininmu ya hore mu da rufe ƙorai da mazuban ruwa, musamman da dare, ya kuma hana yin numfashi a cikin abin sha. A sami ludayi mai dogon hannu na ɗiba kaɗai, a rataye shi, kowa ya zuba a kofinsa. In da hali a sa wa randa ko bokiti mai murfi kan famfo. A juye randa a wanke ta duk bayan kwana biyu ko uku. A wanke hannu da sabulu kafin dama fura. Abin da aka dafa ko aka tace, in babu sanyi, kada ya wuce awa biyu a ajiye. Gara a yi kaɗan sau biyu a yini da a yi mai yawa ya kwana.

Na huɗu, sukari. A daina zubawa da ido, a auna da cokali. In kika sa ƙaramin cokali 8 a lita ɗaya ta zoɓo, kowane kofi cikin huɗu ya samu cokali 2, kuma ya isa. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni harshen mutanen gida zai saba. Citta da kanumfari da wankakken ɓawon abarba suna ba da ƙamshin da ke rage buƙatar zaƙi. A sani cewa zuma da mazarƙwaila su ma sukari ne a wajen mai ciwon sukari.

Sai gargaɗi biyu game da yara. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa ya ishe shi ko a tsakiyar bazara, uwar ce za ta ƙara shan ruwa ta yawaita ba shi mama. Zuma kuma ba a ba yaron da bai shekara ba. In gudawa ta kama wani a gida, a dama masa ruwan gishiri da sukari na fakiti. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta dafaffen ruwa, a riƙa ba shi ana kan hanyar asibiti. Lemun kwalba ba ya maye gurbin wannan, yana ma iya ƙara gudawar.

Randa da firiji a gida ɗaya

Babu dokar da ta ce sai an zaɓi ɗaya. Mai falo da tayil za ta iya samun kyakkyawan tulu ta ɗora a kan mazauni a baranda, ranar da babu wuta shi zai fitar da ita kunya. Mai ɗakin haya kuma ga dabarar da wani malami a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa, wadda ta sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A sami tukunyar ƙasa babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa mai iska. Gorunan zoɓo da nono da kayan miya za su yi sanyi ba tare da ko sisin wuta ba. Ta fi aiki a busasshen zafi, in damina ta sauka iska ta yi laima ƙarfinta yana raguwa.

Haka nan mu sake duba kayan ɗakin 'ya'yanmu. Jeren amarya ya tashi daga ƙorai ya koma tasoshi, ya koma langa da samira, yau ga tangaran da gilashi a shokes, yawancinsu har su tsufa ba a ci abinci a ciki ba. Uwa za ta ci bashi ta sayi firiji, amma ta ji kunyar sa tulu da ƙwarya da maburgi da rariya a cikin kaya. Don Allah iyaye a sa su, a kuma koya wa yarinya aiki da su. Masu shirin gini kuma su roƙi maigida a bar wa bishiya ɗaya wuri a tsakar gida. Inuwar dogon yaro guda tana rage zafin da fanka uku ba za su rage ba, kuma ba ta neman mai.

Tambayoyi don bita

Ana so a tattauna waɗannan a majalisin mata na unguwa ko a ajin manya:

1. Cikin gidaje ukun nan wanne ya fi kama da naki, kuma wane rauni nasa kika gani a gidanki?
2. Daga ina ruwan da kike dama fura ko tace kunu yake fitowa, kuma hannu nawa yake bi kafin ya iso randarki?
3. Me ke sanyaya ruwan randa, kuma me ya sa ba a shafa wa bayanta fenti?
4. Ki auna da cokali yawan sukarin da gidanki ke sha a yini ɗaya, ki raba da yawan mutanen gidan. Nawa ya kama kowa?
5. In kina sana'ar zoɓo ko kunun aya, za ki iya ba ɗanki gorar ƙarshe da ta dawo daga talla ya sha? In ba za ki iya ba, me ya kamata ki canza?
6. Cikin 'ya'yanki mata da maza, wa ya iya dama kunun tsamiya tun daga surfe har tacewa?

Aikin wannan wata shi ne kowace 'yar'uwa ta zaɓi abu ɗaya daga cikin huɗun nan, ruwa ko mazubi ko murfi ko sukari, ta gyara shi a gidanta, sannan ta koya wa maƙwabciyarta. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya kawo mana damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in sha Allahu.